Ɗaurin Lilo

Wa ke ɗaukar alhakin dariya, wanda ya yi ta ko wanda ya ba da ita? Baba Sajan bai sani ba, kuma har yau ba a sami wanda ya warware masa ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya yi dariyar. Ya yi ta har da ƙwalla, har da dukan cinya, wata ranar Talata da rana tsaka, a ofishin malamai, an sassaki labule don hoton majigi ya fito sosai a jikin bango.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin ɗan sanda kafin ya ajiye kaki. Yanzu shi ne mai gadin ƙofar wata makarantar firamare: ya buɗe da safe, ya rufe da rana, ya tsallakar da yara titi. Da safiyar ranar Shugabar makaranta ta aika aka kira shi. Ta ce Juma'a za a ba da hutu, kuma kamar kullum za a nuna wa yara fim a babban ɗakin taro. Bara an nuna wani mai raye-raye, iyaye suka yi mata ca, shi ya sa bana kwamiti ya tsara takarda: sai wani babba ya fara kallo ya sa hannu.

"Na 'yan sanda ne, na ban dariya," in ji ta. "Ga ɗan gida a bakin ƙofa, me zai sa in nemi baƙo?"

Tambaya uku ce a takardar, kowace da gurbin amsa a gabanta. Akwai tsiraici? Akwai ashar? Akwai jini? In an rubuta babu sau uku, fim ya tsallake.

Malamin Lissafi ne ya kunna majigin, ya koma gefe yana makin jarrabawa da jan biro. Labarin wasu kofurori biyu ne, Kofur Tulu mai tumbi da Kofur Tsinke wanda iska ke iya ɗauka. An sace akun matar babbansu, an ba su kwana uku su nemo shi. Mota ta tashi sama ta faɗa rumfar masu kankana, ba wanda ya ƙwarzane. Aka yi ta harbi kamar ruwan sama, harsashi bai sami komai ba sai hular Tulu. Sajan yana murmushi, yana yi musu gyara a ransa: ba haka ake riƙe bindiga ba, ba haka ake sara wa na gaba ba.

Can suka kama wani ɗan tsamurmurin mutum mai haƙora a waje. Ya rantse ko a mafarki bai taɓa ganin aku ba. Tulu ya dubi Tsinke, Tsinke ya dubi Tulu, suka haɗa baki: "A kai shi lilo!" Suka ɗaure masa hannu, suka rataye shi a ƙarfen rufi, wani kiɗa mai tsalle-tsalle ya tashi. Tulu ya tura shi, Tsinke ya turo shi, suna waƙa: "Lilo, lilo, faɗi gaskiya!" Mutumin yana wutsil-wutsil da ƙafa, yana kiran kakarsa, wandonsa na zamewa yana tare shi da gwiwa. Da ya ji wuya ya faɗi inda akun yake. Suka sake shi ya faɗo tim, ya miƙe zumbur ya ranta a na kare, har ya waiwayo ya yi musu gwalo.

Nan ne Sajan ya yi dariyar. Sai da ta lafa, yana share ido da bayan hannun hagu, sannan ya lura da na dama. Yana kan cinyarsa, yatsun suna aiki su kaɗai: zagaye biyu, a cusa ta ƙasa, a ja. Ba igiya a wurin, amma ɗaurin ya kammala.

Su ma lilo suke ce masa. A caji ofis ɗin da ya fi daɗewa akwai wani ɗaki can ƙurya, bayan kantar karɓar ƙara, mai ƙarfe a gicciye ta sama. Ba a rubuta sunan a ko'ina ba, ba a kuma faɗinsa gaban lauya. Ya aka yi masu fim suka sani?

"Baba Sajan, don Allah haka kuke yi da gaske?" in ji Malamin Lissafi, yana dariya, ko ɗagowa daga takardunsa bai yi ba.

"Fim ne kawai, Malam."

"To ai shi ke nan. Ni dai ban ga cinya ba, ban ji ashar ba. Jini kuwa sai na kankana."

Sajan ya karɓi jan biron. Babu. Babu. Babu. Duk gaskiya ya rubuta. Ya juya takardar ko akwai tambaya ta huɗu a baya, ya ga bayan fari fes. Ya sa hannu.

* * *

Biyu saura kwata aka kaɗa ƙararrawar tashi. Sajan ya tura ƙyauren ƙarfe yana jan ƙafarsa ta hagu, wadda babur ya taɓa takewa tun yana sabon shiga. Iyaye suka taru a bakin ƙofa. Daga bayansu, a inda ya saba tsayawa, ga Mai Agogo.

Har yanzu haka ake ce masa, ko da yake rabonsa da buɗe bayan agogo shekara goma sha ɗaya ke nan. Dogo ne mai sanyin magana. Hannayensa kullum a sake suke a gefensa kamar aron su ya yi, yatsun sun lanƙwashe sun bushe. Jakar 'yarsa a gwiwar hannu yake rataye ta.

Sajan ya san ranar da hannayen suka mutu, don yana wurin. An sami agogon wani babban mutum da aka ce an sace a teburinsa, ya ce gyara aka kawo masa, ba wanda ya saurare shi. Da hantsi aka kai shi lilo. Sajan ne ya ɗaura, don duk ofishin ba mai ɗauri irin nasa, ɗaurin da in an ja sai ya ƙara tsukewa. Ana cikin haka aka yi kiran gaggawa, gobara a kasuwa, kowa ya fita. Ba a tuna da shi ba sai bayan la'asar. Kwana biyu da yin haka matar babban mutumin ta tuna ita ce ta aiki direba ya kai agogon gyara. Aka saki mutumin, aka ce ya yi haƙuri. Bai miƙe zumbur ba, bai yi wa kowa gwalo ba. Ƙaninsa ne ya sa masa takalmi.

Shekara biyu ke nan suna haɗuwa a wannan ƙofa, kullum kuma gaisuwa ɗaya ce.

"Sannu da aiki, Yallaɓai."

Ba mai ce wa mai gadi Yallaɓai sai shi. Ya gane shi ne? A wancan lokaci Sajan yana da ƙiba da baƙin gashin baki, yanzu kuwa sai rama da furfura. Kuma wanda aka rataye ta baya ƙasa yake kallo, ba fuskar mutane ba. Da wannan yake lallashin kansa kullum.

Yara biyu suka fito riƙe da hannun juna. Ɗaya jikarsa ce, 'yar shekara bakwai, ƙarama kamar cokali, amma bakinta ya fi ƙarfin aji guda, shi ya sa kowa ke ce mata Barkono. Ɗayar 'yar Mai Agogo ce, shiru-shiru, wadda in tana magana sai an sunkuya. Ajinsu ɗaya, bencinsu ɗaya.

"Tsaya, za ki faɗi," in ji Mai Agogo. Igiyar takalmin 'yarsa ce ta kwance tana jan ƙasa. Ya dubi igiyar, ya dubi hannayensa, sannan ya dubi Sajan. "Yallaɓai, taimaka ka ɗaure mata. Ni nawa sai kallo."

Sajan ya dubi igiyar. Ya hango kansa durƙushe a gaban mutumin nan da igiya a hannu.

"Ƙofa nake tsaro," ya ce, muryar ta fito da kaushi fiye da yadda ya yi niyya. "Ga mai shara can, ta ɗaure mata." Ya juya ya ɗaga wa wata mota hannu, motar da da ma a tsaye take.

"Ba komai, Yallaɓai. Kowa da aikinsa."

"Kai tsoho!" in ji Barkono. "Ɗaurin takalmin ma sai an cika maka takarda?" Ta tsuguna ta ɗaure wa ƙawarta. Sajan bai kalla ba.

* * *

Tun rasuwar matarsa yake zaune a gidan 'yarsa, uwar Barkono, wadda nas ce a asibiti. Ranar Laraba ba ta da aiki, sai ta tara wanki. Yana zaune a inuwar tsakar gida da yamma ya ji ta ce, "Baba, igiyar shanyar nan ta sake kwancewa."

Kafin ya yunƙura Barkono ta riga shi. "Bar ni, na iya!" Ta jawo kujera ta hau, ta kama bakin igiyar ta kai jikin ƙarfen taga. Zagaye biyu. Ta cusa ta ƙasa. Ta ja. Sannan ta kama igiyar da hannu biyu ta ɗaga ƙafafunta tana reto.

"Ka gani? In an ja sai ya ƙara kamawa."

"Wa ya koya miki?"

"A wurinka na gani mana. Ba haka kake ɗaure tabarma ba? Da buhu, da komai."

Bai taɓa koya mata ba. Bai ma san da shi yake ɗaure komai ba.

"In za a kwance fa?"

"Wannan ban iya ba tukuna. Ai kai kake kwancewa." Ta diro. "Kaka, da gaske kai ka ce a nuna mana Tulu da Tsinke? 'Yan aji biyar sun gani a waya, sun ce akwai lilo. Na faɗa wa kowa kakana ne alƙalin fim. Kai ka taɓa kai ɓarawo lilo?"

Uwarta ta fashe da dariya, kumfa har gwiwar hannu. "Wa? Baba? Mutumin da in ya kama ɓera sai ya kai shi bola ya sake shi? Kakanki ɗan sandan tsallakar da tsofaffi titi ne."

Ta yarda da abin da take faɗa, don shi ya kawo gida shekara da shekaru. Marigayiyar ce kaɗai wataƙila ta sani. Ita ke wanke kakin, kuma ba ta taɓa tambayarsa me ya sa wasu ranakun yake wanke hannu sau uku kafin ya taɓa abinci ba.

"Ke uwargida, tambayarki ta yi yawa," ya ce wa jikar, yana neman muryar wasan da suka saba. "Zan sake ki in auro mai shiru."

"Wa zai kwashi mai furfura in ba ni ba?"

Suka yi dariya su biyu, uwa da 'ya. Shi kuwa igiyar yake kallo. An shanya farar rigar asibiti a kanta, hannuwan rigar sun zubo ƙasa, iska tana kai ta tana kawo ta a hankali.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi ya ƙwanƙwasa ofishin Shugaba. Ya same ta tsakanin tarin takardun sakamako, tana buga hatimi.

"Ranki ya daɗe, fim ɗin nan ne. Ina ganin da an canza wani."

"To? Wani abu ka tuna?" Ta jawo aljihun tebur ta fito da takardarsa, ta gyara zaman tabarau. "Tsiraici?"

"Babu."

"Ashar?"

"Babu."

"Jini?"

Shi ya sa ma ake son lilo a can: ba ya fid da jini, ba ya barin abin da likita zai rubuta a ranar.

"Babu."

"To mene ne?"

"Wurin da suka rataye mutumin nan."

"Au, lilo!" Fuskarta ta washe. "Ni ma na gani a gida da jikokina, sai da cikina ya ƙulle. Ai ba abin da ya same shi. Ba ka ga ya tashi ya gudu ba?"

"Ba a tashi."

"Na'am?"

Maganar tana nan a harshensa, cikakkiya, ya kwana yana gyara ta. Ba a tashi, ranki ya daɗe. Na sani don ni nake ɗaurawa, kuma shaida tana zuwa ƙofarki kullum biyu saura kwata. Da ya faɗa, da an canza fim ɗin kafin ya fita daga ɗakin. Amma magana zarar bunu ce. Wace uwa za ta sake miƙa hannun ɗanta ga irin wannan hannu a bakin titi? Kuma maganar da ta shiga ofishin malamai da hantsi, kafin azahar ta kai aji biyu, ta sami Barkono a kan bencinta, kusa da ƙawarta.

"Ba komai," ya ce. "Tsufa ne."

Shugaba ta cire tabarau ta dube shi da tausayi. "Na gane, Baba Sajan. Kishin kaki ne. An mai da 'yan sanda abin dariya, dole ka ji ba daɗi. Haƙuri za ka yi, wasa ne. Kuma an riga an sanar da iyaye, duk mai so ya zo a kalla da shi."

Ta mayar da takardar ta rufe aljihun.

Hanyar komawa ƙofa ta gefen filin wasa ta bi. Ga lilon yara can a tsakiyar yashi: ƙafafu huɗu, ƙarfe a gicciye ta sama. A da kujera biyu ne, ɗaya ta karye tun zangon da ya wuce aka cire ta da sarƙarta, rabin ƙarfen ya zauna fili. Shekara uku yana aiki a makarantar bai taɓa zuwa kusa da shi ba. Yau ya tsaya ya auna tsayinsa da ido, ba da niyya ba, yadda tela ke auna mutum a hanya.

* * *

Ranar Juma'a da safe aka cika ɗakin taro da yara wajen ɗari uku, ƙanana a gaba, manya a baya, iyaye tsiraru a jikin bango. Sajan ya kulle ƙofar waje ya zo ya tsaya a bakin ɗakin. Bai daɗe ba ya ji mutum ya tsaya kusa da shi.

"Sannu da aiki, Yallaɓai."

Mota ta faɗa cikin kankana, ɗaki ya ɗauki ihu. Hular Tulu ta tashi, yara suna faɗowa daga benci. Da aka zo "A kai shi lilo!" sai 'yan aji biyar suka ɗauki waƙar tun kafin kiɗa ya fara, saura suka bi, suna tafi, suna karkata hagu da dama gaba ɗaya kamar gonar da iska ke kaɗawa. Sajan ya nemo Barkono a layi na biyu. Ta miƙe tsaye tana tura iska da hannu biyu. A gefenta 'yar Mai Agogo tana dariya baki buɗe, har da tafi. Ranar ya fara jin muryarta daga nesa.

Uban ba bango yake kallo ba, ita yake kallo.

"Tana jin daɗi," ya ce. "Ba kasafai take dariya ba."

Sajan ya mai da ido kan bango.

"Sai dai sun yi kuskure, ko Yallaɓai? Ta gaba suka ɗaure shi. Ta gaba ai kowa ma ya tashi ya gudu. Ta baya ake yi."

Ya faɗe ta ne yadda ake cewa yau kamar za a yi ruwa. Sajan ya juyo ya dube shi.

"Tun yaushe ka gane ni?"

"Tun ranar farko da na kawo ta. Ba fuska ba, ban ga fuskar kowa ba a can. Ƙasa nake kallo. Na ga takalma da yawa sun shiga sun fita, guda ɗaya ne ke jan ƙafar hagu."

"Ba ka faɗa wa kowa ba."

"In faɗa wa wa? Ita yarinyar ta san hatsari na yi. Kuma duk makarantar nan jikarka ce kaɗai ke riƙe mata hannu." A bango mutumin ya faɗo tim, ɗaki ya sake kecewa. "An ce kai ka duba fim ɗin, ka ce ya dace da yara."

"Ni ne."

"To. Ai ka fi mu sani."

Ya matsa ciki ya jingina da bango a cikin sauran iyaye.

* * *

Da aka gama, aka saki yara fili, iyaye suka shiga azuzuwa karɓar sakamako. Sajan ya koma bakin ƙofa ya zauna a kujerarsa, makulli a hannu. Daga filin wasa waƙar tana zuwa, muryoyi da yawa, da tafi. Lilo, lilo, faɗi gaskiya. Ya ce a ransa waƙa ce kawai, kafin a dawo hutu sun manta.

Sai ya ji wani sauti a ƙarƙashin waƙar. Ba ihu ba ne. Siriri ne, yana yankewa yana dawowa, irin na wanda numfashi ba ya isarsa ya yi kuka sosai. Duk makarantar mutum biyu ne suka san wannan sauti.

Ya yar da makullin ya ruga, ƙafar hagu tana jan yashi.

Sun wurga igiyar tsalle ta kan fankon ƙarfen. Sun ɗora 'yar Mai Agogo a kan tsohuwar tayar mota, sun ɗaure, sannan sun janye tayar. Ita ta yarda ta zama ɓarawon aku, tunda ƙawarta ce Kofur. Ta gaba suka ɗaure ta, yadda suka gani, wannan kaɗai ne alherin da fim ɗin ya yi mata. Kan yatsun ƙafarta yana shafar yashi yana wucewa. Barkono tana tsaye da hular takarda a ka, hannuwanta a miƙe, ta daina turawa amma ba ta sauke su ba.

Mai Agogo ya riga shi isa. Ya shiga ƙarƙashin 'yarsa ya ɗauke nauyinta a kafaɗa, ya kai matattun yatsunsa kan ƙullin, suna zamewa, suna sake zamewa. Sai ya kai baki ya kama bakin igiyar da haƙori ya ja. Yarinyar ta ƙwalla ƙara. Yatsunta sun kumbura sun yi duhu.

"Kada ka ja!"

Tsohuwar muryar ce ta fito, ta caji ofis. Yara suka watse baya. Sajan ya cusa babban yatsa ƙarƙashin zagaye na biyu, ya mayar da bakin igiyar ta inda ya fito, ƙullin ya zube kamar ba a taɓa yin sa ba. Bai kai ƙiftawar ido ba. Ko a wancan lokaci ma iyakar abin da ake bukata ke nan.

Uban ya sauke ta a kan yashi ya tsuguna. Sawun igiya biyu ya kwanta a wuyan hannunta, zurfi, ja. Ba jini.

"Motsa yatsunki, Mama. Ɗaya bayan ɗaya. Yauwa. Wannan fa? Yauwa."

Leɓunansa suna ƙirgawa. Da na goma ya motsa sai ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Shugaba ta iso tana haki, Malamin Lissafi a bayanta. "Innalillahi! Wa ya koya muku wannan?"

Yara suka nuna ɗakin taro. Barkono ce kaɗai ba ta nuna ba. Ta ɗaga kai, don ita ba ta saba ɓoye abin da ta iya ba.

"Ɗaurin na kakana ne," ta ce. Sannan ta juyo gare shi, idonta ya cika. "Kaka, ai wasa ne. Me ya sa ba ta tashi ta gudu ba?"

Shugaba tana kallon Sajan, kallon wanda ya fara tuna wata magana da aka faɗa masa jiya bai ji ba.

Mai Agogo ya miƙar da 'yarsa tsaye, ya rataya jakarta a gwiwar hannu. Garin wutsil-wutsil takalminta ɗaya ya cire, yana gefen tayar, igiyarsa a kwance. Ya dubi takalmin. Bai dubi kowa ba, bai kuma roƙi kowa ba.

Sajan ya ɗauko shi, ya kakkaɓe yashin. Ya durƙusa a gabansu, gwiwa biyu a ƙasa, ya sa mata ƙafar a ciki, ya kama bakin igiyar biyu. Yatsunsa suka tafi su kaɗai: zagaye biyu, a cusa ta ƙasa. Ya tsaya. Ya warware. Ya sake farawa, suka sake komawa can. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure takalmin kaki kowace safiya, amma yau hannunsa ya manta komai sai ɗauri ɗaya.

"A hankali, Yallaɓai," in ji muryar daga samansa. "Yi mata irin wanda za ta iya kwancewa da kanta."

Ya sunkuyar da kai ya sake kama igiyar. A bayansa, a jikin ƙarfen, igiyar tsallen tana nan a rataye, ba kowa a jikinta, tana zuwa tana dawowa.